Babur a gareji, mahayi a bakin fili: Darasin da hanyar Ushafa ke jira

Da hantsin ranar Lahadi, kafin rana ta gama busar da raɓar da ke kan duwatsun Ushafa, akan jiyo ƙarar tun daga nesa. Takan faro kamar rugugin hadari a bayan dutse, sannan ta yi tsini, kafin mai sauraro ya waiwaya har ta wuce ta bar masa ƙaurin mai. Manyan babura ne na matasan Abuja, waɗanda suka baro Maitama da Wuse da Gwarinpa, suka bi babbar hanyar Kubwa, suka karya ta Dutse Alhaji, suka miƙi hanyar Bwari. Matar da ta ɗauko itace a kafaɗa, kamar yadda matan Gbagyi suka gada, takan ja da baya ta shiga ciyawa. Ɗan acaɓan da ya goyo fasinja biyu yakan sauka daga kwalta ya jira. Yara kuwa sukan ruga bakin titi suna tafi, domin a wurinsu kallo ne ya zo har gida.

Ba laifi ba ne mutum ya hau abin da ya saya da kuɗinsa. Da yawa daga cikin mahayan ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu iyali, suna sanye da hular kwano da rigar kariya, suna tafiya a jere cikin natsuwa. Amma kowace tawaga ba ta rasa wanda hannunsa ke ƙaiƙayi, wanda da zarar ya hango miƙaƙƙiyar kwalta sai ya murɗa totur don ya ji abin da injin zai iya. Matsalar ita ce, a duk faɗin Babban Birnin Tarayya babu wani fili da aka gina musamman domin wannan gwaji. Don haka hanyar da mutanen Ushafa ke bi zuwa gona da kasuwa da coci da masallaci ita ke ɗaukar nauyin.

Ƙauyen da duniya ta sani da tukwane

Ushafa tana cikin Ƙaramar Hukumar Bwari, tafiyar ƙasa da awa guda daga tsakiyar birnin Abuja idan hanya ba ta cushe ba. Kusa da ita ne madatsar ruwa ta Usuma take, wadda daga gare ta mafi yawan ruwan famfon birnin ke fitowa. Sunan ƙauyen ya fita ne saboda cibiyar ginin tukwane da aka kafa a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida. A watan Agustan 2000 Shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya ziyarci garin tare da 'yarsa Chelsea, aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa. Har yau wasu na kiran wurin da ƙauyen Clinton.

Daga wancan lokaci zuwa yanzu garin ya tumbatsa. Tsadar haya a cikin birni ta koro ma'aikata zuwa Kubwa da Dutse da Ushafa da Bwari, inda hedikwatar hukumar JAMB da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya suke. Haramcin acaɓa a tsakiyar birnin Abuja, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2006 a zamanin Minista Nasir El-Rufai, ya tura dubban masu sana'ar zuwa irin waɗannan garuruwa na kewaye. Saboda haka hanyar da mahayin babban babur ke gani a matsayin sarari mai daɗin gudu, hanya ce ta masu tafiya a ƙasa da 'yan makaranta da keke-napep da tifofin yashi da dutse, har da shanun da kan tsallaka ba tare da neman izinin kowa ba.

Bambancin da ke tsakanin baburan biyu da ke haɗuwa a wannan hanya ya wuce na girman jiki. Bajaj Boxer da ɗan acaɓa ke hawa injinsa bai wuce cc 100 ba, ƙarfinsa bai kai na dawaki 10 ba a ma'aunin injiniyoyi. Yamaha R1 ko BMW S1000RR kuwa injinsu ya kusa cc 1,000, ƙarfinsu ya kai na dawaki 200. Bayan da Suzuki ta fito da Hayabusa a 1999, kamfanonin ƙera babura da kansu suka ga abin ya fara wuce gona da iri, suka amince su tsayar da gudun baburansu a kan kilomita 300 cikin awa guda. Dokar hanya ta Najeriya kuwa ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari. Mai gudun kilomita 50 yana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 150 yana cin kusan mita 42. Idan gudu ya ninka sau uku, tazarar da birki ke bukata kafin babur ya tsaya takan ninka sau tara. Wannan lissafi ba ya duba tsadar babur, ba ya kuma duba ƙwarewar da mahayi ke ganin yana da ita.

Mazauna Abuja ba su manta da daren 26 ga Disambar 2017 ba, lokacin da Yusuf, ɗan Shugaban Ƙasa na wancan lokaci Muhammadu Buhari, ya yi hatsarin babur a Gwarinpa, ya samu rauni a ka da karaya, aka yi masa aiki a Abuja kafin a fita da shi Jamus. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Na waɗanda ba a san sunayensu ba, mahaya da masu tsallaka titi, ba ya kaiwa shafin farko na jarida.

Tafiya zuwa Edo

Mahayin Abuja da ke son ya gwada baburinsa ba tare da ya jefa ran kowa cikin haɗari ba, dole ya dubi kudu. Sanannen filin tseren babura da motoci da aka gina domin wannan aiki a Najeriya shi ne na Evbuobanosa, a Jihar Edo, kan hanyar Benin zuwa Agbor, inda aka riƙa gudanar da gasar manyan babura da ake kira The BT. Daga Abuja tafiya ce ta fiye da kilomita 400, ta Gwagwalada da Abaji da Lokoja da Okene da Auchi. Mai zuwa daga Ushafa sai ya ƙara da ratsa Dutse da Kubwa da Zuba kafin ya hau babbar hanya.

Irin wannan rana da ake buɗe fili ga mahaya na yau da kullum, mahaya kan kira ta ranar fili. Ba gasa ba ce, domin ba a ba da kofi, ba a kuma jera mutane a layi a busa musu usur. Mutum yakan biya kuɗin shiga, a duba baburinsa, a sanya shi rukunin da ya dace da iyawarsa, ya yi ta zagaye yana koyon yadda ake shiga kwana da yadda ake kama birki. Ana shirya mata makonni kafin ta zo: a tara kuɗin mai da na masauki, a nemi hutu a wurin aiki, a lallaɓa uwargida ko mahaifiya, a yi cinikin motar a-kori-kura da za ta ɗauki baburan, domin mai hankali ba ya hawan babur ɗin da zai shiga fili da shi tafiyar yini guda a kan ramukan Okene zuwa Auchi.

A nan ne wani labari ke shigowa, wanda kusan kowace ƙungiyar mahaya ke da irinsa. Ana saura kwana uku ko huɗu a tafi, mahayi ya fito da baburinsa don ya ɗan motsa shi. Ya tashi lafiya, ya hau tudun da ke fita daga gari lafiya. Da injin ya yi zafi sai fitilun gaban mahayi suka fara dusashewa, babur ya yi tari sau biyu, ya mutu a gefen hanya. Aka danna makunni, shiru. Sai turi, a cikin rigar fata, a ƙarƙashin ranar Abuja, babur mai nauyin kilo 200, 'yan acaɓa suna wucewa suna yi masa sannu, wasu da tausayi, wasu da murmushin da ba ya ɓoyuwa.

Bakaniken unguwa, wanda zai iya kwance injin Boxer ya mayar ido a rufe, yakan zagaya babur ɗin sau biyu ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai dai a kai Apo. A ƙauyen kanikawa na Apo ne ake samun 'yan tsirarun da suka san waɗannan injuna. Sukan ɗora na'urar awon wuta a kan batir. Lafiyayyen babur idan yana aiki yakan nuna bolt 14 ko kusa da haka. Idan allura ta tsaya a 12 tana gangarowa, an san kwayil ko na'urar daidaita caji ta ƙone, abin da zafi da cunkoson hanya ke saurin jawowa. Gano cutar ba shi ne wahala ba. Wahalar tana cikin amsar da kowane mai babban babur ya haddace: yallaɓai, sai an yi oda. Kasuwar Nkwo ta Nnewi da Ladipo ta Legas cike suke da kayan gyara, amma mafi yawansu na ƙananan babura ne da motoci. Na manyan babura sau da yawa sai an sayo daga Dubai ko Ingila ko Amurka, a jira mako biyu ko uku. Kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dalar da ake samu a kan kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kowane ƙaramin ƙarfe ya ninka kuɗi.

Wani lokaci ba wuta ba ce, famfon mai ne gurɓataccen fetur ya kashe, irin wanda ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairun 2022 ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, ya lalata injuna a Legas da Abuja. Wani lokaci shakazoba ce ke zubar da mai, ko sarƙa ta saki, ko tayar da aka sayo ta hannu ta tsattsage. Kowace ce daga ciki, sakamakon ɗaya ne: motar a-kori-kura za ta tashi ranar Juma'a da asuba, kuma akwai gurbin babur guda da zai tafi fayau.

Me zai je yi ba babur?

Mai saurin fushi yakan kashe wayarsa ya kwanta a gida. Amma tsofaffin mahaya sukan ba da shawarar a tafi ko da babu abin hawa, kuma waɗanda suka bi shawarar ba kasafai suke nadama ba. Dalilin yana cikin yadda ranar take gudana.

Tun da sassafe ake fara duba babura ɗaya bayan ɗaya. Ana taɓa birkin gaba da na baya, a duba kaurin takalmin birki, a girgiza sarƙa, a murɗa totur a sake shi don a tabbatar yana komawa da kansa, a leƙa ƙarƙashin injin ko akwai ɗigon mai. Ana karanta shekarun taya daga lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ana cire madubai ko a liƙe su da salatif, haka ma fitilu, don kada gilashi ya tarwatse a kan kwalta idan an faɗi. A filaye da dama na duniya ana bukatar a zuba ruwa zalla a lagireto, saboda koren ruwan sanyaya inji yana da santsi idan ya zube. Shi ma mahayi ana duba shi: hular kwano mai rufe fuska duka, rigar fata, safar hannu mai rufe wuyan hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da makarin gadon baya. Wanda bai cika sharaɗi ba, komai girman baburinsa ko girman mahaifinsa, ba ya shiga.

Mahayin da ya zo hannu rabbana, a nan yake fara ganin ribar zuwansa. Da baburinsa na nan, da hankalinsa na kan layi da bugun zuciyarsa. Yanzu kuwa yana da sararin da zai tsuguna kusa da masu duba, ya ga abin da suke nema, ya kuma ga yadda ake mayar da babur mai sheƙi saboda ƙusa guda da ta saki. Sau da yawa a nan yake gane cewa nasa baburin, ko da bai mutu a hanya ba, da wuya ya tsallake wannan bincike.

Bayan haka sai taron bayani, wanda kowa dole ya halarta. Ana koyar da harshen tutoci. Rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce kowa. Ja tana nufin an dakatar da zagaye, kowa ya koma rumfa a hankali. Mai ratsin ja da rawaya tana gargaɗin mai ko yashi a kan kwalta. Baƙa idan an nuna wa mutum, to shi ake kira, ko dai baburinsa na da matsala ko halinsa. Mai dabbare-dabbaren fari da baƙi ita ce ta ƙarshen zagaye. Akan raba mahaya gida uku, sababbi da matsakaita da ƙwararru, kowane rukuni ya yi minti 15 zuwa 20 ya fito ya huta. Kowa na tafiya fuska guda. Babu mota mai tahowa, babu mahaɗa, babu akuya, babu yaro mai bin ƙwallo. A bayan kowace kwana akwai sarari ko tarin tayoyi, motar asibiti kuma tana tsaye a bakin ƙofa da direbanta a ciki.

Irin wannan rana ba ta yiwuwa sai da hannaye masu yawa, kuma kullum hannayen ba sa isa. Mahayin da ba shi da babur yakan zama mai riƙe tuta a wata kwana, ko mai auna iskar taya, ko mai riƙe agogo yana rubuta lokacin abokansa, ko mai tura babur ɗin da ya mutu zuwa rumfa. Tsayuwa a bakin kwana na yini guda makaranta ce da babu irinta. Daga nan ake ganin wanda ke kallon ƙasa a gaban tayarsa da wanda ke kallon mafitar kwana. Ana ganin wanda ya shiga da gudun da ya fi ƙarfinsa, ya firgita, ya damƙi birki a tsakiyar lanƙwasa, babur ya miƙe da shi zuwa cikin ciyawa. Ana kuma ganin wani dattijo a kan ƙaramin babur mai cc 400 yana wuce samari masu cc 1,000, ba tare da ƙara ko fankama ba, don kawai ya san inda ake rage gudu da inda ake ƙarawa. Gani ya kori ji.

Akan samu wanda zai ce masa ga nawa, ɗan zagaya sau biyu. Al'adar mahaya a nan a bayyane take: wanda ya karɓi aro ya faɗi, shi zai gyara. Don haka mai aron babur yakan yi tafiyar da bai taɓa yi da nasa ba, cikin taka-tsantsan, yana sauraron malami. Da yawa sukan ce a wannan zagaye na aro ne suka fara fahimtar abin da ake nufi da sarrafa babur.

Lalacewa a inda ta dace

Babu mahayin da ke murna da mutuwar baburinsa, amma wani hanin ga Allah baiwa ne. Na'urar cajin da ta ƙone a tudun Ushafa ana tafiyar kilomita 40, da ta jira sai ana tsakiyar kwana a kan gudun 140 injin ya ɗauke, da labarin ya sha bamban. Tayar da aka gano tsagarta a gareji ta fi wadda ta sanar da kanta a kan hanyar Lokoja.

Ko manyan matafiya ba su tsira daga wannan ba. Kunle Adeyanju, ɗan Najeriyar da ya hau babur daga Landan zuwa Legas a 2022 domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna ƙarƙashin ƙungiyar Rotary, ya ratsa ƙasashe 13 cikin kwana 41, ya iso gida ranar 29 ga Mayu. A ƙasar Mali ƙarfen tayarsa ya karye cikin dare, a daji, inda ba ya jin harshen mutanen wurin. Ya taka zuwa ƙauye mafi kusa, mutanen ƙauyen suka taimake shi, ya ci gaba da tafiya. Abin da ya fitar da shi a daren nan ba ƙarfin inji ba ne, mutanen bakin hanya ne, irin waɗanda mai gudu ke wucewa ba tare da ya ga fuskokinsu ba.

Kowace sukuwa da filinta

Tambayar inda za a yi gudu ta girmi Abuja. A Ingila dokar motoci ta 1903 ta tsayar da gudu a kan mil 20 cikin awa guda, wato kusan kilomita 32, kuma an hana tsere a kan hanyoyin jama'a. Wannan ya sa wani attajiri mai suna Hugh Locke King ya gina filin Brooklands a gonarsa, aka buɗe shi a 1907, ya zama na farko a duniya da aka gina musamman domin tseren injuna. A wannan shekarar ce kuma aka fara shahararriyar gasar babura ta tsibirin Man, inda hukuma ke rufe hanyoyi baki ɗaya kafin a saki mahaya.

A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta yi nisa. Tana da filaye irin su Kyalami kusa da Johannesburg da Killarney a Cape Town, kuma filin Phakisa da ke Welkom ya karɓi gasar babura ta duniya daga 1999 zuwa 2004, shekarar da Valentino Rossi ya ci tserensa na farko a kan Yamaha a can. Brad Binder, wanda ya zama zakaran duniya a ajin Moto3 a 2016, ya kuma ci tseren MotoGP a Brno a watan Agustan 2020, a filayen ƙasarsa ya fara tun yana yaro.

Amma Bahaushe ba ya bukatar zuwa Turai kafin ya fahimci wannan. Ƙasar Hausa ƙasar dawaki ce, kuma tun da can an san kilisa daban, sukuwa daban. Mai doki yakan fita kilisa da yamma, yana tafiya ƙasaita, yana gaisawa da mutane. Idan sukuwa yake so, akwai filin sukuwa, kamar wanda Kano ke da shi, kamar kuma Dandalin Murtala na Kaduna, wanda asalinsa filin tseren dawaki ne. Ko a hawan sallah, sai dogarai sun buɗe fili a ƙofar fada kafin mahaya su zaburo su yi jinjina. Wanda ya saki linzami a tsakiyar kasuwa ba a kiransa gwani. Abuja ma ta san da wannan, tunda ta ware wa 'yan wasan folo filinsu. Dokin ƙarfe ne kawai aka bari yana neman wurin sukuwa a kan hanyar talakawa.

Wa zai biya?

Akwai masu ganin cewa maganar filin tsere a ƙasar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 zuwa sama da Naira 1,000 a ƙarshen 2024, maganar 'yan gata ce. Suna da hujja. Garuruwan kewayen Abuja na bukatar ruwa da asibiti da tsaro, kuma yankin Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane. Ba daidai ba ne a ɗauki kuɗin jama'a a gina wa masu baburan miliyoyin Naira wurin wasa. Haka kuma fili ba ya sauya halin wanda burinsa shi ne a gan shi, domin irin wannan 'yan kallo yake nema, kuma a bakin titi suke.

Sai dai ba lallai ne gwamnati ta gina ba. Brooklands kuɗin mutum guda ne. Abin da ke hannun hukuma shi ne ware fili nesa da gidajen jama'a, da gindaya sharuɗɗa, da tsaurara hukunci a kan mai tsere a titi da zarar an samar masa madadi. Kuma amfanin irin wannan wuri ba ya tsayawa ga masu manyan babura. Mafi yawan 'yan acaɓan da ke jigila tsakanin Dutse da Ushafa da Bwari sun koyi tuƙi ne daga ɗan uwa ko aboki cikin 'yan kwanaki, kuma da dama cikinsu suna tsoron birkin gaba, alhali shi ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu ɗaura ƙwarya a ka don su tsere wa tara, abin da ya nuna an kawo doka ba a kawo fahimta ba. Filin da masu hali za su biya su yi gudu ranar Asabar, zai iya zama ajin koyar da birki da kwana ga 'yan acaɓa da masu kai saƙo ranar Talata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Komawa gida

Ranar Litinin motar a-kori-kura takan dawo ta Lokoja ɗauke da babura masu narkakkun gefen taya da mahaya masu ciwon cinya. Shi kuwa wanda ya tafi ba babur yakan dawo da fuska a ƙone da rana, da ɗan littafi cike da lissafin iskar taya, da lambar wayar wani bakanike da ya haɗu da shi a rumfa. Bayan mako biyu ko uku kayan gyaran sukan iso, a ɗaura, injin ya tashi da dannawa ɗaya.

Ranar Lahadi ta gaba yakan sake bin hanyar Dutse zuwa Bwari. Kwaltar tana nan yadda ya bar ta, miƙaƙƙiya, mai jan hankali. Amma idon da ya yini a bakin kwana riƙe da tuta ya koyi neman wasu abubuwa: ina sararin da zai karɓe shi idan ya zame, wa zai ɗaga masa rawaya idan tifa ta zubar da yashi a bayan lanƙwasa, minti nawa ne tsakaninsa da Babban Asibitin Bwari ko na Kubwa. A gefen hanya babu tarin tayoyi, sai kwalbati da turakun lantarki da teburin mai sayar da masara. A mashigar Ushafa wata mata na tsaye da tulu sabon gashi a kafaɗa, tana duban dama da hagu. Mahayin yakan sassauta totur, ya sauko da giya, ya ɗaga mata hannu ta tsallaka.